Mudu da Sikeli: Nisbar da ke Tsakanin Nauyin Abu da Gurbin da Ya Cika

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai awo ranar kasuwa, ya ga yadda yake nutsa mudu cikin buhun gero, ya ɗago shi, ya girgiza, ya ƙara ciko har ya yi tozo, sa'an nan ya kara tafin hannunsa a gefe domin tozon ya ƙara tsayi, alhali mai saye ya zuba wa hannun nan ido kamar ransa ne ake aunawa, to, ya riga ya halarci darasin da nake so mu tattauna a yau, ko da kuwa bai taɓa shiga aji ba. Mai awo da mai saye duka sun san cewa mudu ɗaya yana iya ɗaukar hatsi mai yawa ko kaɗan, gwargwadon yadda aka danna shi, kuma sun san mudun dusa da mudun shinkafa ba su zama ɗaya a hannun mai ɗauka ba. Abin da ba su yi ba kawai shi ne sanya wa wannan sani suna da adadi. Da'awata a wannan maƙala ita ce, alaƙar da ke tsakanin nauyin abu da girmansa da cushewar jikinsa nisba ce guda ɗaya tak, wadda mutanenmu suka daɗe suna aiki da ita a kasuwa da madafa da wurin haƙar ma'adini, wadda kuma malaman Musulunci suka yi wa hidima mai zurfi tun ƙarnuka da dama, saboda haka bai kamata mu riƙa gabatar da ita ga yara kamar baƙuwar da ta sauka daga jirgi jiya ba.

Wajibi ne mu fara da gyara lafazi, domin a nan ne rikicin yake farawa. Kalmar "nauyi" a bakin Bahaushe aiki uku take yi. Wani lokaci tana nufin yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda Larabawan yau suke kira kutla, kuma shi ne muke ƙidayawa da giram da kilo. Ni a nan zan kira shi nauyin zati. Wani lokaci tana nufin ƙarfin da ƙasa take jawo abu da shi zuwa gare ta, wanda yake sauyawa idan wuri ya sauya, har ya zama buhun da ya gagari ƙato a nan duniya, in aka kai shi kan wata, sudusin wannan ja kaɗai zai rage masa, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga cikin buhun ba. Na uku kuwa shi ne wanda muke nufi idan muka ce dutse ya fi itace nauyi. Mai faɗin haka bai jahilci cewa gungumen maɗaci ya fi tsakuwa wuyar ɗauka ba. Manufarsa ita ce, in aka yanko su daidai wa daida a girma, dutsen zai rinjaya. Wannan ma'ana ta uku ita ce kasafa a Larabce, na kuma zaɓi in kira ta danƙarewa, ko da yake ba na jayayya da wanda ya kawo kalmar da ta fi ta dacewa. Girman wurin da abu ya mamaye, wato hajmi, shi ne zan kira gurbi, kuma da lita da mililita za mu auna shi, domin su ne kowa ya saba da su a gidan mai da kantin magani.

Ƙa'idar kanta gajera ce, har ma gajartarta ce take sa ɗalibai su raina ta: a raba nauyin zati da gurbi, abin da ya fita shi ne danƙarewa. Wanda ya san biyu daga cikin ukun nan ya san na ukun. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ba dace aka yi ba, da gangan aka shirya haka, domin sa'ad da Faransawa suka kafa ma'aunansu a shekarar 1795 sun ɗora giram ne a kan nauyin ruwan da zai cika mililita ɗaya, daga baya suka zaɓi ruwan da yake kusa da digiri 4, inda ruwa yake kai matuƙar danƙarewarsa. Saboda haka ruwa ya zama limamin da sauran abubuwa suke sahu a bayansa. Litar man gyaɗa tana kusa da giram 910, ta kananzir wajen 800, ta fetur wajen 740, ta zuma kuwa wajen 1,400. Ku ɗauki jarkar nan mai lita 25 da 'yan garuwa suke jerawa a kura. Cike da ruwa kilo 25 ce, ban da nauyin robar. Cike da fetur ba ta kai kilo 19 ba, kuma duk yaron da aka taɓa aika sayen mai ya ji wannan bambanci a kafaɗarsa. Da za a cika ta da zinariya, da sai ta haura kilo 480, domin kowace mililita ta zinariya giram 19.3 ce. Azurfa 10.5 take, dalma 11.3, jan ƙarfe kusan 9, baƙin ƙarfe 7.9, zaiba kuwa, wadda take kwarara kamar ruwa, ta haura 13.5, shi ya sa in aka jefa ƙusa a cikinta sai ta yi ta yawo a sama kamar karan dawa a bakin rafi.

Abin da ya sa wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, nauyin zati da gurbi siffofi ne na wannan yanki da ke hannunka, suna ƙaruwa in ka ƙara, suna raguwa in ka gutsure, amma danƙarewa siffa ce ta jinsin abin, ba ruwanta da yawa ko ƙaranci. Ɗan kunnen amarya da tulin zinariyar da ke taskar sarki adadinsu ɗaya ne muddin zinariyar tsantsa ce. Ke nan danƙarewa shaida ce da abu yake bayarwa a kan kansa, wadda launi da ƙyalli da rantsuwar mai sayarwa ba su isa su canza ta ba.

A kan wannan ne aka gina hikayar nan ta Arshimidas, masanin birnin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An ce Sarki Hiron ya ba wani maƙeri zinariya ya ƙera masa kambi, kambin ya dawo da nauyinsa cif, amma sarki ya yi zargin an ɗebe wani abu an cike da azurfa, ya nemi a gano gaskiya ba tare da an fasa kambin ba. Marubucin Rum mai suna Bitrubiyas, wanda ya zo bayan abin da kusan shekara 200, shi ya ruwaito cewa Arshimidas ya shiga kwamin wanka, ya ga ruwa yana malala gwargwadon jikinsa da ya nutse, sai ya gane cewa ruwan da abu ya ture shi ne gurbinsa. Hikayar tana da daɗi, kuma kowane littafin makaranta yana ɗauke da ita, sai dai ina roƙon ku mu yi mata lissafi kafin mu sake karanta wa yara ita. Mu ƙaddara kambin kilo ɗaya ne. In tsantsar zinariya ce, gurbinsa mililita 52 ne, ya ɗan gaza kaɗan. In maƙerin ya cire giram 300 ya musanya da azurfa, gurbin zai koma kusan mililita 65. Bambancin mililita 13 ne, wato bai kai cikin babban cokali ɗaya ba, kuma a cikin kwanon da bakinsa ya kai faɗin santimita 20, wanda kambi zai iya shiga, ruwan ba zai ɗaga da ko rabin milimita ba. Wane ido ne zai ga wannan, ga ruwa yana manne wa baki, ga kumfar iska tana maƙalewa a cikin ado? Galiliyo ya yi wannan shakka tun yana saurayi, a wata 'yar risala da ya rubuta a 1586, inda ya rinjayar da cewa da ma'auni aka yi aikin. Misali, a rataya kambi a hannu ɗaya, zinariya tsantsa mai nauyinsa a ɗaya hannun, a nutsa su duka cikin ruwa. Tun da ruwa yana rage wa kowane jiki nauyi daidai da nauyin ruwan da jikin ya ture, wanda shi ne hukuncin da Arshimidas ya tabbatar a littafinsa kan jikkunan da ke yawo a ruwa, sai kambin jabu ya yi sauƙi da giram 13, kuma wannan ko ma'aunin mai sayar da turare zai nuna shi.

An riga Galiliyo zuwa wannan mashaya da kusan shekara ɗari biyar. Abu Raihan Al-Biruni, wanda aka haifa a Khuwarizm a shekarar 973, ya kuma yi yawancin ƙarshen rayuwarsa a Gazna ta ƙasar Afganistan ta yau, ya ƙera wani ɗan tulu mai faɗin gindi da ƙuntataccen wuya, da ɗan bututu a gefen wuyan mai lanƙwasa zuwa ƙasa. Sai ya cika shi da ruwa har bakin bututun, ya auna miskali 100 na ƙarfen da yake bincike, ya riƙa jefa shi gutsure gutsure, ruwan da ya tsiyayo ta bututun yana zuba a tafin ma'auni. Hikimar ƙuntata wuyan ita ce maganin matsalar da muka gani a kwanon kambi, domin a wuri matsattse ƙaramin ƙari yana ɗaga ruwa sosai. Miskali 100 na zinariya ya ture ruwa miskali biyar da rubu'i, in kuka raba kuwa za ku sami 19.05, ga kuma 19.3 da muke da shi yau da dukkan na'urorinmu. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne yawan tuhumar da yake yi wa kansa: yana tace ƙarfen sau da yawa kafin ya yarda tsantsa ne, yana maimaita awon, yana damuwa da ɗigon da ke maƙalewa a bututu, kuma ya lura cewa ruwa ma ba ɗaya ba ne, na rijiya daban, na kogi daban, na sanyin hunturu daban da na bazara.

Wanda ya gaji wannan aiki ya kai shi maƙura shi ne Abdurrahman Al-Khazini, bawa ne ɗan asalin Rumawa wanda ubangidansa ya ba shi ilmi a birnin Marwa, cikin ƙasar Turkmenistan ta yanzu, ya kuma kammala littafinsa Mizanul Hikma a shekara ta 515 bayan Hijira, daidai da 1121 zuwa 1122, domin taskar Sultan Sanjar. Ma'aunin da ya siffanta yana da sanda mai tsawon kusan mita biyu da tafuka biyar, ɗaya daga cikinsu yana nutse a ruwa, wasu kuma ana zamar da su a kan sandar, har ya zama mai awo yana iya karanta yawan zinariya da yawan azurfar da ke cikin gauraye ba tare da ya narka kome ba. Kafin shi, wani masani mai suna Muzaffar Al-Isfizari ya ƙera wa wannan sarki irin wannan ma'auni, sai ma'ajin sarki, da ya fahimci abin da na'urar za ta tona, ya sa aka farfasa ta, aka ce baƙin cikin haka ne ya yi ajalin Al-Isfizari. Na kawo wannan ne domin a ga cewa tun asali mas'alar ba wasan ƙwaƙwalwa ba ce, maganar amana ce da dukiyar baitulmali, kuma Umar Khayyam da kansa, wanda aka fi sani da waƙa da aljabara, ya rubuta risala a kan gano zinariya da azurfa a cikin gauraye. Al-Khazini ya san iska ma tana da nauyi, kuma tana rage wa jiki nauyi kamar yadda ruwa yake yi, illa dai nata ragin kaɗan ne. Wannan ya tuna mini da wata rana da na tambayi 'yan ajina wanne ya fi nauyi tsakanin kilon auduga da kilon ƙarfe, suka amsa baki ɗaya cewa ƙarfe, na yi musu dariya na ce daidai suke, na fita ina jin na yi koyarwa. Daga baya na gane cewa ni ma amsata da saura, domin in auduga da ƙarfe suka yi daidai a sikeli cikin iska, audugar ta fi ƙarfen nauyin zati da abin da ya ɗan haura rabin giram, saboda iskar da zarenta ya ture ta fi yawa. Su kuma yaran, da na yi tunani, ba wauta suka yi ba: sun ji kalmar nauyi ne da ma'anarta ta uku, ni kuwa ina nufin ta farko, kuma laifin na wanda bai rarrabe musu kalmomin ba ne.

Ko a zamanin nan shaidar danƙarewa tana da iyaka. Akwai wani ƙarfe mai suna tangistan wanda adadinsa 19.25 ne, kusan daidai da zinariya, kuma 'yan damfara sukan lulluɓe shi da zinariya su sayar, ma'aunin Al-Khazini kuwa ba zai kama su ba. Adadi ɗaya yana iya kore da'awa, amma ba kullum yake tabbatar da ita ba.

Mu dawo gida. Mai sayen ƙwan zabo da damina ba ta karɓarsa sai an kawo ƙwarya da ruwa. Tana saka su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kwanta a gindi ta ware shi gefen dama, wanda ya ɗaga kai ya tsaya a tsaye ta yi masa kallon tuhuma, wanda ya taso sama ta miƙa wa mai shi baragurbinsa ba tare da ta ce uffan ba. Abin da ya faru shi ne, ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwan cikinsa yana fita ta nan a hankali kwana bayan kwana, iska tana maye wurinsa, alhali ɓawon bai motsa ba. Nauyin zati ya ragu, gurbi yana nan yadda yake, sai danƙarewa ta sauko har ta gaza ta ruwa. Ban san wani misali a littattafan da muke koyarwa da su da ya kai wannan tsabta ba, domin a cikinsa an riƙe ɗaya daga cikin ukun, an bar ɗaya yana sauyawa, ana kallon na ukun da ido. Haka mace mai rege shinkafa, tana juya ƙwarya a cikin ruwa har tsakuwa ta taru a gindi, da masu wanke kuza a tuddan Jos, da masu wanke zinariya a Zamfara, duk aiki ɗaya suke yi: yashi bai wuce 2.65 ba, kuza tana kusa da 7, zinariya ta haura 19, ruwa kuwa yana kwashe mai sauƙi ya bar mai danƙarewa. Kwalekwalen ƙarfe ma da wannan hukunci yake tafiya, domin abin da ake rabawa da gurbi shi ne nauyin jirgin duka tare da iskar da ke cikinsa, ranar da ruwa ya kori iskar nan kuwa ƙarfe zai koma ga adadinsa na 7.9.

Wurin da mas'alar ta fi shafar mu, a ganina, shi ne babin zakka, kuma a nan ina magana ne a gaban malamai da ladabin ɗalibi. Fuƙaha'u sun raba kaya zuwa abin da ake awonsa da mudu da abin da ake aunawa a ma'auni. Zinariya tana cikin na biyu, nisabinta miskali 20. Hatsi kuwa yana cikin na farko: kamar yadda muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, nisabinsa wasƙi biyar ne, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudu huɗu da mudun Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zakkar fid da kai kuma sa'i ɗaya ce a kan kowane mutum. Sa'i gurbi ne, ba nauyi ba. Da malamai suka so su kiyaye shi daga sauyawar kwanuka sai suka ƙaddara shi da rataloli, mutanen Madina suka ce biyar da sulusi, mutanen Iraƙi suka ce takwas, kuma sananne ne cewa Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya koma ga maganar mutanen Madina bayan an nuna masa sa'o'in da suka gada daga iyayensu. Amma duk wanda ya mayar da gurbi zuwa nauyi, ya sani ko bai sani ba, ya shigar da danƙarewa cikin hukuncinsa, kuma dole a tambaye shi: ratalin me? Alkama ko sha'ir ko dabino? Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa fatawoyin zamani suke ba da sa'i daga kilo biyu da 'yan giram har zuwa kilo uku. Wanda ya ɗauki adadin da aka auna da alkama ya ɗora shi a kan gero ko dawa ko masara ko shinkafa shanshera ba tare da sabon awo ba, yana iya fitar da ƙasa da abin da ke kansa, ko sama, yana kuwa zaton ya yi daidai saboda allurar sikeli ta tsaya inda aka ce masa.

Akwai kuma wani abu a cikin awon hatsi wanda ba ya cikin awon ruwa ko ƙarfe, shi ne kuma sirrin girgizar mai awo da muka fara da ita. Mudun gero ba gero ne zalla ba, gero ne da iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa, saboda haka yana da danƙarewa iri biyu, ta ƙwayar kanta da ta tulin. Ƙwayar gero mai kyau tana nutsewa a ruwa, wato ta fi shi danƙarewa, amma mudun gero bai kai mudun ruwa nauyi ba. Na gwada wannan da ɗalibaina da kayan da ba su fi ƙarfin kowace makarantar ƙauye ba: mudu ɗaya, sikelin mai nama da muka aro, da kwalbar da aka san yawan abin da take ci. Muka cika mudun da ruwa muka auna, muka san gurbinsa. Muka zubar, muka shanya shi, muka cika da gero muka shafe bakin da kara ba tozo, muka auna. Muka sake cikawa muna girgizawa muna bubbuga gefe, muka auna, sikeli ya nuna ƙari a fili alhali mudu bai canza ba. Daga nan sai na sa wata yarinya ta riƙa tsiyaya ruwa daga kwalbar a cikin mudun da kowa ya yarda ya cika maƙil, tana yi da sauri kafin geron ya fara sha, sauran suna ƙirga abin da ya shige, ruwa yana ta ɓacewa a tsakanin ƙwayoyi, bai leƙo sama ba sai da mudun ya haɗiye fiye da sulusin gurbinsa.